Shayi: Kalmar da Ta Taso Daga Sin

In mai shayi ya ɗaga kofi sama yana shiƙa, ba ya tunanin sunan sana'arsa daga ƙasar Sin ya taso. Can ne asalin ganyen, kuma da harafi guda suke rubuta sunansa, sai dai furuci ya rabu biyu. Yawancin Sinawa "ca" suke cewa, mutanen gaɓar tekun Fujian kuma "te".

"Ca" ta bi fatake ta tudu. Farisawa suka mai da ita "cay", Turkawa da Rashawa da Indiyawa suka riƙe haka. Larabawa, da yake babu "c" a daidaitacciyar Larabci, suka ce "shay", daga bakinsu muka karɓa muka ƙara mata wasali, don Bahaushe ba ya son barin kalma a kan baƙi.

"Te" kuwa jirgin ruwa ta shiga. 'Yan kasuwar Holan da suka fara kai ganyen Turai wajen 1610 su suka yaɗa ta, ta zama "thé" a Faransa, "tea" a Ingila. Ita ce "ti" ɗin da muke ji a birane.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ma'anar ta yi rassa. A Kenya da Tanzaniya, in ma'aikaci ya nemi "chai", sau da yawa cin hanci yake nufi, irin namu na goro. A arewacin Ingila kuma "tea" na iya zama abincin yamma ɗungurungum.