Yunwar Sudan Ba ta Fari Ba Ce: Sakamakon Ƙyale Masu Laifi

Gabatarwa

Tun daga ranar 15 ga Afrilu, 2023, da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan ƙarƙashin Janar Abdul Fattah al-Burhan da dakarun RSF na Janar Muhammad Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hemeti, mutane fiye da miliyan 12 sun bar gidajensu, yayin da kusan miliyan 25 suka faɗa cikin matsananciyar yunwa. Akasarin masu sharhi sun fi mayar da hankali ga ƙarancin abinci da kuɗin agaji. Matsayar wannan maƙala ita ce, tushen bala'in shi ne ƙyale masu aikata ta'asa da aka yi shekara ashirin ba tare da hukunci ba.

Yadda aka saka wa laifi da muƙami

A shekarar 2003 gwamnatin Umar al-Bashir ta ɗaure wa mayaƙan Janjawid gindi domin murƙushe 'yan tawayen Darfur, suka yi ta ƙona ƙauyukan ƙabilun Fur da Masalit da Zagawa. A 2005 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya miƙa batun ga Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya, wadda ta ba da sammacin kama al-Bashir a 2009, ta ƙara da tuhumar kisan ƙare-dangi a 2010. Duk da haka ya zo Abuja a 2013, ya je Afirka ta Kudu a 2015, ya koma gida ba wanda ya tare shi. A 2013 ɗin ne kuma ya tattara ragowar Janjawid, ya ba su kaki da albashi da sabon suna, RSF. Darasin da kowane mai bindiga ya ɗauka a fili yake: zubar da jini a Darfur hanyar samun girma ce.

Hujjar masu cewa a fara da zaman lafiya

Akwai masana da jami'an diflomasiyya da ke ganin cewa matsa wa janar-janar da batun shari'a na hana su ajiye makami, don haka gara a samu sulhu tukuna. Hujjar tana da nauyi, domin wanda bama-bamai ke sauka a kansa tsagaita wuta ce buƙatarsa ta farko. Sai dai Sudan ta riga ta gwada wannan hanyar. Bayan kifar da al-Bashir a Afrilun 2019, an kashe masu zaman dirshan fiye da 100 a Khartum ranar 3 ga Yuni, amma aka ba Burhan da Hemeti manyan kujeru biyu na majalisar mulkin riƙon ƙwarya. A Oktoban 2021 suka haɗa kai suka kori farar hula daga mulki, bayan wata goma sha takwas kuma suka juya wa juna bindiga. Barin kashi a ciki dai ba ya maganin yunwa.

Yunwa a matsayin makami

Abin da ya biyo baya maimaicin 2003 ne. A garin Al-Jinaina da ke Darfur, ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta cewa RSF da ƙawayenta sun kashe mutum 10,000 zuwa 15,000 a 2023, mafi yawansu Masalit. RSF ta wawushe rumbunan agaji, ta yi wa birnin Al-Fashir na Darfur ƙawanya tun daga Mayun 2024 har ta ƙwace birnin a Oktoban 2025. Gwamnatin sojoji kuwa ta rufe mashigar Adre da ke iyaka da Chadi ga motocin agaji na tsawon watanni a 2024, kuma a Agustan shekarar aka tabbatar da cewa yunwa mai kisa ta afka wa sansanin 'yan gudun hijira na Zamzam. Ƙuduri mai lamba 2417 na Kwamitin Sulhu ya yi tir da amfani da yunwa a yaƙi tun 2018, amma ƙudurin da ba hukunci a bayansa ba ya tsorata kowa.

Wannan masifa ba ta baƙi ba ce gare mu. Dubban Hausawa da Fulani, zuriyar mahajjata da ta waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, suna zaune a Mai Wurno da Jazira da Sinnar, yankunan da wannan yaƙi na Sudan ya ratsa.

Kammalawa

Sai a Oktoban 2025 kotun duniya ta samu Ali Kushayb, wani kwamandan Janjawid, da laifi, shi kaɗai, bayan fiye da shekara ashirin da aukuwar ta'asar. Wajibi ne a faɗaɗa hurumin kotun da takunkumin makamai daga Darfur zuwa Sudan baki ɗaya, Tarayyar Afirka kuma ta ƙi amincewa da duk wata yarjejeniyar da za ta yafe wa kwamandoji laifukansu. Agaji zai ceci rayuka a bana, amma muddin kisa na kai mutum ga kujerar mulki, za a sake buɗe wani sansanin 'yan gudun hijira a baɗi.