Ina Zalɓen Kubanni Ya Tafi?

Ni 'yar Tudun Wadan Zariya ce, kusa da rafin Kubanni na tashi. Kakata, Allah ya jiƙanta, takan ce a zamaninsu nan suke wanki, zalɓe na tsaye cikin ruwa yana dakon kifi, balbela kuwa ta rufe fadama.

A 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, a 1973 aka datse Kubanni a Samaru saboda ruwan sha. Gari ya yi ta cika, rafi ya zama juji: ruwan kwata, baƙin mai, takin zamani da maganin feshi daga lambuna. Daga baya leda ta shigo.

Taki yana yaɗa gansakuka har kifi ya rasa iska, feshi kuma ya kashe kwaɗi da fara. To me tsuntsu zai ci? Dole ya ƙaura.

Rannan daga kan gada na hango wani abu fari fat, na ce balbela ce, ashe leda ce.

'Yar'uwa, da ruwan nan fa ake bayin latas ɗin da muke saye. Tsuntsu yana da fiffike, ya gudu. Mu fa? Allah ya sa mu gyara, amin.