Waiwaye: Murar tsuntsaye da ke dawowa da sabuwar riga

Wannan makon kan murar tsuntsaye za mu tsaya.

Da yawanmu ba mu manta da 2006 ba. A watan Fabrairu aka tabbatar da cutar a wata gonar kaji a Jaji, jihar Kaduna, karo na farko a Afirka. Kafin watan ya ƙare sai ga ta a Magaria, cikin Damagaram. Mu mutanen Mai'adua wannan bai ba mu mamaki ba, don mun san kaza ba ta nuna takarda a Kongolam. Gwamnati ta yi ta kashe kaji tana biyan naira 250 kowace ɗaya, kuɗin da bai kai farashin mai ƙwai ba, shi ya sa wasu suka gwammace su sayar da nasu a ɓoye.

Abin da ba mu ji ba a lokacin shi ne abin da masana suka gani a jikin ƙwayar. Da suka karanta gadonta, sai suka tarar ba sau ɗaya ta shigo Nijeriya ba. Zuri'a uku ne daban-daban, kowace da hanyarta, duk da kakarsu ɗaya, wadda aka fara gani a jikin wata dinya a Guangdong ta ƙasar Sin a 1996.

Gadon ƙwayar mura gutsure takwas ne. Duk lokacin da take hayayyafa tana yin ƙananan kurakurai wajen kwafar kanta, kamanninta na sauyawa sannu a hankali. Wanda ya fi wannan haɗari, idan iri biyu suka haɗu a jikin tsuntsu ɗaya, sai su yi musanyen gutsure, a haifi na uku. Zuwa 2007 an ga irin waɗannan ruwa-biyu a kajin Nijeriya. Ku tuna kejin dillali ranar kasuwa: kaza, zabo da agwagwa daga garuruwa biyar, kai da kai, suna sha a kwano ɗaya. A ganinmu nan ne wurin ɗaurin auren.

Bayan 2008 ta lafa. A Janairun 2015 ta sake ɓulla a Kano da Legas da sunan nan dai na H5N1, muka ce tsohuwar ce ta farka. Ashe wata 'yar uwarta ce sabuwar zuwa daga Asiya. Ta 2021 kuma wani reshen ne daban, irin wanda tsuntsaye masu ƙaura suka baza a Turai, daga baya ya tsallaka Amurka har aka same shi a nonon shanu a 2024.