Daga Duba-gari zuwa Masu Bin Sawun Annoba: Tarihin Koyar da Aikin Lafiyar Al'umma a Arewacin Najeriya

Aikin lafiyar al'umma shi ne ɓangaren kiwon lafiya da ke kula da gari baki ɗaya, ba majinyaci guda ba. Ruwan sha da masai da mahauta da allurar rigakafi da ƙididdigar masu kamuwa da cuta duk a hannunsa suke. A Arewacin Najeriya an fara koyar da shi a aji ne a Makarantar Tsafta ta Kano, wadda aka buɗe a 1932, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Jami'ar Ahmadu Bello ba ta zo ba sai 1962, tsangayarta ta likitanci kuwa sai 1967. Ke nan Arewa ta yi shekaru fiye da talatin tana yaye duba-gari kafin jami'arta ta fara yaye likita.

Ba tausayin talaka ne kaɗai ya sa Turawa suka kafa makarantar ba. Da farko lafiyar kansu suke tsoro, shi ya sa dokar tsarin gari ta zamanin Lugga ta ce a bar fili mai faɗin yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai don kada sauro ya ɗebo zazzaɓi ya kai musu. To amma jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, baƙi suka yi ta kwararowa, kududdufai da juji suka ƙaru. A 1924 annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta ɓarke a Legas, ta ɗauki shekaru tana kisa. Nan hukuma ta gane cewa tazarar yadi 440 ba ta tsare kowa, dole a sami 'yan ƙasa masu horo da za su shiga lungu. A Legas, Dakta Isaac Ladipo Oluwole ne ya kafa makarantar tsafta ta farko a Yaba. Ta Kano ita ta riƙa karɓar samarin da En'e-En'e na lardunan Arewa ke turowa, ta horar da su, ta mayar wa kowace hukuma nata.

Dattawan da suka ga zamanin ba sa manta kamannin duba-gari. Kaki ne a jikinsa, da hula, da littafi a hammata, da ludayi mai dogon hannu. Zai yi sallama a zaure, mai unguwa ko ɗan aikensa na biye da shi. In ya shiga, randa zai fara buɗewa, ya zura ludayin ya ɗebo ruwa ya ɗaga shi wajen haske. Ya ga tsutsar sauro tana wutsil-wutsil, to ruwan nan zubarwa za a yi, kuma sunan maigida ya shiga littafi. Daga nan sai bakin masai, ko akwai murfi, sai kwatar gida, sai turken dabbobi. Wanda aka rubuta, sammaci zai same shi, alƙali ya ci shi tara. Da asuba shi ne a mahauta yana duba huhu da hanta, naman da bai gamsu da shi ba a binne. Shi ya sa da an ji duba-gari ya shigo unguwa sai ka ga mata suna rige-rigen wanke randa, yara suna kwashe shara da gudu. Shigar namiji baƙo cikin gidan kulle ta jawo ƙorafi, har ta kai aka riƙa ɗaukar mata su yi wannan zagaye. Tsoronsa ake yi fiye da sonsa, kuma ba a rasa masu karɓar na-goro su kau da kai. Duk da haka garuruwa sun ga amfaninsa.

A karkara kuwa ciwon barci ne ya buɗe wata hanyar aikin. Daga ƙarshen shekarun 1930 aka yi aikin Anchau a ƙasar Zazzau, inda aka sassabe kurmin bakin rafuka don korar ƙudan tsando, aka tashi dubban mutane aka sake musu matsuguni, aka haƙa rijiyoyi masu kankare, aka gina sabon gari mai suna Takalafiya. Ma'aikatan da ke lalube wuyan mutane suna neman kaluluwa, su duba jini a madubin likita, akasarinsu samarin Arewa ne da aka koya wa aikin a bakin aiki. Su da malaman disfensare na En'e su ne talakan ƙauye ya sani da sunan asibiti.

Likitoci sun zo a makare, kuma ɗai-ɗai. Dakta Barau Dikko, wanda asibitin koyarwa na Kaduna ke ɗauke da sunansa, shi ne likita na farko ɗan Arewa, kuma a Ingila ya yi karatunsa. Sai da Zariya ta sami tsangayar likitanci aka fara koyar da lafiyar al'umma a matakin jami'a a Arewa, kuma sunan da ba a raba shi da wannan sashe shi ne na Farfesa Umaru Shehu, ɗan Maiduguri, wanda ya rasu a 2023. A wannan zamani ne Arewa ta zama fagen manyan bincike. A Garki, wadda yanzu take Jihar Jigawa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta shafe 1969 zuwa 1976 tana fesa maganin sauro a ɗakuna tana raba ƙwayoyi, ta gano cewa zazzaɓin cizon sauro yana raguwa amma ba ya yankewa a irin wannan ƙasa. Agana kuwa an ci ƙarfinta: ayarin masu lamba suka bi kasuwa-kasuwa da ƙofar dagatai, har Najeriya ta ga mai cutar na ƙarshe a 1970. Tabon lambar yana nan a damtsen da yawa daga waɗanda suka haura shekara hamsin.

Tsanin da mafi yawan matasa ke hawa yau an kafa shi ne bayan yaƙin basasa. Shirin raya ƙasa na uku, na 1975 zuwa 1980, ya zo da tsarin ƙananan asibitoci, jihohi suka buɗe makarantun fasahar kiwon lafiya don samar musu da ma'aikata. Taron Alma-Ata na 1978 ya ɗaga darajar kiwon lafiya a matakin farko. Wanda ya mayar da maganar aiki shi ne Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992. Ya zaɓi ƙananan hukumomi 52 don gwaji, ya haɗa su da jami'o'i da makarantun kiwon lafiya, aka fitar da manufar lafiya ta ƙasa a 1988. A 1992 aka kafa hukumar kiwon lafiya a matakin farko ta ƙasa, da hukumar da ke yi wa ma'aikatan lafiyar al'umma rajista. Matakan waɗannan ma'aikata uku ne: JCHEW, karatun shekara biyu, CHEW, shekara uku, sai CHO, wanda ake ƙaro karatunsa a asibitin koyarwa. Kowannensu yana aiki da littafin ƙa'ida da ke gaya masa abin da zai yi wa majinyaci da lokacin da zai tura shi gaba.

A takarda, ma'aikacin nan zai fi daɗewa a cikin unguwa yana bin gidaje fiye da zama a asibiti. A zahiri sai abin ya juye. Da yake likita da nas ba sa zama a ƙauye, sai asibitin sha-ka-tafi ya koma wuyan CHEW, shi ne mai duba mara lafiya, shi ne mai allura, wani lokacin har karɓar haihuwa, kuma kowa likita yake kiransa. Zagayen gida-gida ya mutu. Duba-gari ma ya ja baya: an sauya masa suna zuwa jami'in lafiyar muhalli, an ba sana'arsa majalisar rajista a 2002, amma ƙananan hukumomi sun rage ɗauka, masu ritaya ba a maye gurbinsu. Sharar ƙarshen wata da gwamnatin soja ta ƙaddamar a Kano a 1985 tana share titi na sa'o'i kaɗan, ba ta leƙa randa ko masai. Amai da gudawa da ke dawowa kusan kowace damina shaida ce kan giɓin.

Shan inna ya koya wa masu wannan sana'a darasin da babu shi a manhaja. A 1996 sanƙarau ya kama mutane sama da 100,000 a Najeriya, ya kashe fiye da 11,000, kuma a tsakiyar annobar ne kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya shafi yara kimanin 200 a Kano. Da jita-jita ta tashi a 2003 cewa rigakafin shan inna na hana haihuwa, ta tarar da zukata a shirye. Kano ta dakatar da shi har zuwa Yulin 2004, cutar ta tsallaka ƙasashe da dama. Abin da ya dawo da amincewa shi ne sarakuna da malamai da matan unguwa masu wayar da kai; a 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya da goyon bayan Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar. Aikin ya ci rayuka, domin a Fabrairun 2013 'yan bindiga sun harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano. An ga shan inna na daji na ƙarshe a Borno a 2016, aka ayyana Afirka ta rabu da shi ranar 25 ga Agusta, 2020.

Sabon rukunin da ya fito daga baya shi ne na masu bin sawun annoba. A 2008 aka fara shirin horar da su, digiri na biyu na shekara biyu a Zariya da Ibadan, ana haɗa likitocin mutane da na dabbobi da masana ɗakin gwaji, kuma mafi yawan karatun a fili ake yin sa. Gwajinsu na farko mai tsanani shi ne Zamfara a 2010, lokacin da yara suka riƙa mutuwa da jijjiga a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma. Bincike tare da ƙungiyar likitoci ta MSF ya nuna gubar dalma ce daga duwatsun zinare da ake niƙawa a tsakar gida. Yara sama da 400 suka rasu. Su ne kuma suka bi sawun waɗanda suka yi cuɗanya da masu Ebola a 2014, aka tsayar da cutar a mutum 20. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, wadda ta sami dokarta a 2018, cike take da ɗaliban wannan shiri.

Inda Arewa ta fi ƙaranci har yau shi ne mata ma'aikata, alhali mace mai ciki ta fi sakewa da mace. Shirin tura unguwarzoma karkara na 2009, da wani shiri da ya fara a 2012 a Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe, wanda ke ba 'yan matan ƙauye shekarar share fage kafin su shiga makarantun kiwon lafiya, sun ɗan rage tazarar.

Yanzu ƙofofin suna da yawa. Mai kiredit biyar, da Turanci da lissafi da darussan kimiyya, zai iya shiga kwalejin fasahar kiwon lafiya ya karanta lafiyar al'umma ko ta muhalli ko adana bayanan majinyata, ko ya nemi digirin farko a jami'a. Digiri na biyu ba na likitoci kaɗai ba ne, nas da mai harhaɗa magunguna da masanin ƙididdiga duk suna shiga. Likita kuma yana iya ƙwarewa ta kwalejin likitoci ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma. Matsalar ita ce makarantu masu zaman kansu sun yi yawa, wasu ba su da izini, ɗalibi ya gama shekara uku ya tarar ba zai zauna jarrabawar ƙasa ba, balle ya sami lasisi. Iyaye da ɗalibai su nemi ganin takardar amincewar hukumar rajista ta kwas ɗin da ake so, kafin su biya ko kwabo.