Tarihin Ƙugiya: Yadda Ɓ Da Ɗ Da Ƙ Suka Shiga Kwamfuta

Abin da nake so in tattauna a kansa a wannan ɗan rubutu abu ne ƙarami ainun, wanda girmansa a kan takarda bai kai ƙwayar gero ba, watau ƙugiyar nan da ake lanƙwasawa a kan b da d da k domin su zama ɓ da ɗ da ƙ. Ni ɗalibi ne daga ƙasar Safana, kuma Allah ya yi ni da ƙaiƙayin hannu: in na ga tsohuwar kwamfuta ko rediyo, hankalina ba ya kwanciya sai na kwance ta na ga cikinta. Wannan ɗabi'a ce ta kai ni ga bin diddigin ƙugiya, kuma abin da na lura da shi shi ne, duk na'urar rubutu da ta shigo ƙasar Hausa, takan zo ne babu ƙugiya, sai wani mai dabara ya zauna ya ƙera mata.

Tun kafin zuwan boko malamanmu na ajami sun gamu da wannan matsala, domin Larabci ba shi da waɗannan sautuka. Abin da suka yi kuwa shi ne suka ɗauki wasu baƙaƙen Larabci suka ba su sabon aiki, wasu kuma suka ƙara musu ɗigo. Ta haka ne baƙin da Balarabe ke karantawa da wani sauti dabam ya zama ɗa mai hannu a allon Bahaushe. Kayan aikin malami alƙalamin kara ne da tawada, saboda haka babu mai hana shi ƙara ɗigo inda ya ga dama. Wahala ta soma ne sa'ad da rubutu ya koma hannun inji.

Turawan farko da suka rubuta Hausa kowa ya bi ra'ayinsa. Akwai waɗanda ko kusa ba su ji bambanci tsakanin kafa da ƙafa ba, akwai masu sa ɗigo a ƙarƙashin baƙi, akwai kuma masu rataya masa waƙafi a sama. Hanns Vischer, watau Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar Nassarawa a Kano a 1909, ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912, amma ƙugiya ba ta bayyana a lokacin ba. Asalinta daga wata cibiya ce ta nazarin harsuna da al'adun Afirka da aka kafa a Landan a 1926, inda Bajamushen nan Diedrich Westermann da abokan aikinsa suka tsara baƙaƙe domin sautukan da Turanci ba shi da su. Hujjarsu ita ce ɗigo da waƙafi suna da saurin faɗuwa a rubutun hannu da wajen ɗab'i, amma abin da aka haɗa da jikin baƙi ba ya ɓacewa. A ƙarshen shekarun 1930 ne Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta karɓi wannan tsari, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta soma fitowa a Janairun 1939 da Malam Abubakar Imam a matsayin edita, ita ce ta ɗauki ƙugiya ta kai ta birni da ƙauye. A tuna fa, a wancan zamani kowane baƙi ɗan guntun ƙarfe ne da ake zubawa a maƙera, saboda haka yarda da ƙugiya yarda ce da kashe kuɗi a yo sababbin ƙarafa, manya da ƙanana, na kowane girma.

Maɗaba'a ta sami nata, amma tafireta ta ofis da makaranta ta ci gaba da zuwa da haƙoran Turanci. Duk wanda ya taɓa buɗe tsofaffin kundaye a ɗakin karatu ya ga yadda aka yi fama: mai buga tafireta ya buga k, sa'an nan marubuci ya bi shafi shafi da biro yana rataya ƙugiya, in ya gaji ya bar sauran ga Allah da mai karatu. Taron Bamako na 1966 ya tabbatar da ƙugiyoyin nan, har ma maƙwabtanmu na Nijar suna rubuta ƴ a inda mu muke rubuta 'y. A shekarun 1980 kuma aka tsara jerin baƙaƙe 33 da za su wadaci harsunan Nijeriya, har da hannun shahararren mai zanen baƙaƙe na Jamus, Hermann Zapf. Sai dai kafin abin ya kankama kwamfuta ta riga ta iso bakin ƙofa.

A nan ne zan ɗan daɗe, don nan ne hannuna ya fi taɓawa. Kwamfuta ba ta san baƙi ba, lamba kawai ta sani. A 1963 Amurkawa suka tsara wani jeri mai gurbi 128, suka ba kowane baƙi da alama lambarsa, suka kira shi ASCII. Da baki ana faɗinsa kamar aski ne, kuma lalle ya yi wa baƙaƙenmu aski ƙwalƙwal, don babu gurbin ƙugiya ko ɗaya a cikinsa. To, yaya mai rubuta Hausa zai yi? Dabarar da aka yi dabara ce irin ta maƙeri da ba shi da sabon ƙarfe, ya narka tsohuwar fartanya ya yi lauje. Aka duba maɓallan da Hausa ba ta bukata, aka goge zanen da ke bayansu, aka zana ƙugiya a madadinsa. Cikin waɗanda suka yi wannan aiki a shekarun 1990 akwai Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero, Kano, wanda zanen baƙaƙensa, irin su Rabi'at, ya shiga sassan Hausa na jami'o'i da shagunan buga takardu. Wasu tsare-tsaren sun aro q da x da v, wasu kuma sun aro alamomi irin su } da ] da ~. In ka danna q, sai ƙ ta fito a allo da takarda sumul.

A ganina wannan aiki ya cancanci yabo, domin shi ya ba kundayen digiri da littattafai masu ɗimbin yawa damar fitowa da Hausa ingantacciya. Amma fa yana da tarko. Zanen kaɗai aka sauya, lambar da ke ƙarƙashi tana nan yadda take. Muddin aka ɗauki rubutun aka kai wata kwamfuta da ba ta da wannan zane, sai riga ta faɗi, ƙasa ta koma qasa, ɗaya ta koma xaya, ɓangare ya koma vangare. Wanda ya taɓa cin karo da }asa ko ]aya a intanet, to, gawar irin wannan rubutu ce ya gani. Bugu da ƙari, in ka nemi kalmar ƙasa a cikin irin wannan kundi, kwamfuta za ta rantse maka babu ita.

Abin mamaki shi ne maganin ya riga ya samu tun 1991, lokacin da aka fitar da tsarin Yunikod, wanda aka tsara domin ya ba kowane baƙi na duniya lambarsa ta kansa. A cikinsa ƙ tana da lamba 409, ɓ tana da 595, ɗ kuma 599. Ashe gida an gina, hanyar shiga ce babu, don allon maɓallan da ake sayarwa bai san da su ba. Windows 7 da ta fito a 2009 ta zo da tsarin maɓallan Hausa a cikinta, amma sai wanda ya san inda aka ɓoye shi.

Ita kuwa wayar hannu ta GSM, wadda ta shigo Nijeriya a 2001, ta zo da tata hikayar. Saƙon tes guda yana ɗaukar baƙaƙe 160, amma da zarar ka sa baƙi ɗaya da ba ya cikin jerin da aka tsara wa wayar, sai saƙon ya koma wani ma'auni mai ɗaukar 70 kacal. Watau ƙugiya ɗaya tana iya mai da kuɗin saƙo ɗaya ya zama na biyu ko uku, balle ma yawancin ƙananan wayoyi ba su iya buga ta, in an aiko musu kuwa sai su nuna ɗan akwati fanko. Saboda haka in malamanmu suna ƙorafin cewa samari sun yar da ƙugiya don lalaci, ina roƙonsu su haɗa da wannan a lissafi. Shekaru da dama inji ne da aljihu suka koya wa mutane haka.

Wani zai ce ai Bahaushe yakan gane daga yanayin magana. Sau da yawa haka ne. Amma mu da muke gefen Dajin Rugu mun san cewa gajeren saƙo ba ya zuwa da yanayi. In aka rubuto daga wajen Runka ko wani ƙauyen Batsari cewa “kura ta taso daga yamma”, mai karɓa yana bukatar sanin dabba ake nufi ko kuwa ƙurar babura, kuma “an yi fada” da “an yi faɗa” ba labari ɗaya ba ne. Sunayen garuruwanmu ma haka suke shan wuya: Ƙanƙara ta zama Kankara, Ɗanmusa kuwa ana rubuta shi iri uku ko huɗu, kuma a wurin kwamfuta kowanne gari ne dabam.

A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Batsari da Safana, aka shafe watanni babu kira babu intanet. A wannan zaman ne na sami sukunin zama da wata tsohuwar kwamfuta da nake ciyarwa da batirin mota da ɗan faifan sola, na rubuta wata 'yar manhaja mai bin tsohon rubutu tana mai da q da x da v zuwa ƙugiyoyin Yunikod na gaskiya. Layukanta ba su kai ashirin ba, kuma kowane ɗalibi da ya ɗan taɓa koyon abin zai iya yin irinta cikin yini guda. Da ita na ceto wa wani malamin firamare a Batsari tarin tatsuniyoyi da karin maganar ƙasar Ruma da ya tattara daga bakin tsofaffi, waɗanda da yawansu sun rasu, wasu kuma sun bar ƙauyukansu. Rubutun yana nan a faifai, amma zanen baƙaƙen da aka buga shi da shi ya tafi tare da kwamfutar shagon da ta ƙone.

Inda aikin yake da ɗan wuya shi ne wajen sunayen baƙi da kalmomin Turanci da ke cakuɗe cikin kundi, domin manhaja ba ta san Bahaushe da Bature ba, duk v da ta gani sai ta rataya mata ƙugiya. Dole ne a yi mata jerin sunayen da za ta tsallake, kuma na farko a nawa jerin shi ne Ɗan Hausa kansa, wanda in aka ƙyale ta sai ta mai da shi Ɓischer.