Daga "do on" zuwa "don": tarihin kalmomin sa tufafi a Turanci

Bahaushe yana sa riga, ya naɗa rawani, mace ta ɗaura zane ta yafa mayafi. Kowace sutura da kalmarta. Turanci ma ya tara nasa kalmomin, amma shi yaƙi da zamani ne suka tara masa su.

Dattijuwar cikinsu ita ce "wear", wadda tsoffin mutanen Ingila ke furtawa "werian". A shekarar 1066 William na Normandy ya ci ƙasar da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu, kuma ta wannan ƙofa "dress" ta shigo. Da farko babu ruwanta da tufafi, ma'anarta miƙar da abu ko daidaita shi. Sai a ƙarni na 14 ta fara nufin kimtsa jiki da sutura. Tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba: a filin fareti idan kwamanda ya daka tsawa da "dress", sahu yake so a daidaita, kamar yadda liman kan ce kafin kabbara.

Ni dai labarin "don" da "doff" ya fi burge ni. Asalinsu kalmomi bibbiyu ne, "do on" da "do off", wato sa da cire. Saurin baki ya haɗe su, kamar yadda mu kan taƙaita "sai an jima". Daga baya mutanen birni suka yar da su, suka maƙale a bakin ƙauyawan arewacin Ingila, "put on" da "take off" suka gaje gurbinsu. Walter Scott, marubucin Scotland da ya wallafa Ivanhoe a 1819, shi ya kakkaɓe musu ƙura domin jarumansa masu sulke su yi ƙamshin zamanin da. Kalmomin ƙauye suka wayi gari na manyan littattafai. Yau "doff" kusan hula kaɗai ta rage mata, wadda Bature ke ɗagawa don girmamawa, a inda mu takalmi muke tuɓewa.

"Invest" kuwa daga Latin take, tana nufin tufatar da mutum, musamman yafa masa rigar muƙami, kamar alkyabbar naɗin sarauta. A farkon ƙarni na 17 'yan kasuwar Ingila masu fatauci zuwa Indiya suka fara amfani da ita wajen zuba jari, wai kuɗi sun sake riga sun zama haja.