Bamaguje

Kalmar nan ta sha tafiya kafin ta iso ƙasar Birnin Kudu da Gwaram. Asalinta Farisa ne, inda ake kiran limaman addinin Zaradashtu *magu*. Larabawa suka mayar da ita *majūs*, har ta zo a Suratul Hajji, aya ta 17. Malaman ƙasar Hausa suka ɗora ta kan Hausawan da ba su musulunta ba, wanda ya ba su damar zama ƙarƙashin sarautar Kano suna biyan jiziya. Wasu kan ce daga "gudun salla" ta fito, amma wannan fassarar baka ce.

Zuwan mishan ya sauya lissafi. Jikokin Maguzawa da yawa Kiristoci ne yau, wasu Musulmi, kuma akwai masu ƙin sunan, suna cewa su Hausawa ne. Ni ina ganin gaskiyarsu.